Renon gansakuka a tankin gilashi da gindin katanga

2 ga Yuni, 2024

Yau na fara aikin da na daɗe ina saƙawa a raina. Wuri biyu na ware. Na farko tankin gilashi ne mai cin lita 40 a cikin ɗaki. Na biyu ɗan fili ne a gindin katanga, tsawonsa taku huɗu, faɗinsa taku ɗaya da rabi, inda rana ba ta sauka sai da hantsi, shi ma na ɗan lokaci. So nake gansakuka ta rufe su duka biyun, kuma ba na son aikin ya riƙa cin fiye da rabin awa a mako. Saboda haka babu tukunyar iskar kabon da ake busa wa tsirran ruwa don su yi saurin girma, babu taki, babu fitila mai ƙarfi. Ƙaramar fitilar LED ce kawai, sai matacin soso da famfon iska ke turawa.

Duk wanda na gaya wa sai ya yamutsa fuska, domin da an ce gansakuka abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne koren nan mai yauƙi da ke kwanciya a kan ruwan da ya daɗe a tsaye. Da kalma ɗaya muke kiran halittu biyu mabambanta. Mai yauƙin ba shi da kara, ba shi da ganye, kuma a wannan littafi santsi zan riƙa ce masa. Wadda nake reno kuwa tsiro ce sosai, mai ƙananan karare da ganyaye jere a jikinsu, sai dai ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba ta kuma da saiwa ta gaskiya. Ire-irenta a duniya sun kai kusan 12,000. Abin da ke gindinta wasu siraran zaruruwa ne masu ruwan ƙasa, aikinsu riƙo. Ta jikin ganye take shan ruwa da abinci, ganyen kuma a yawancin ire-iren kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Na ɗaga reshe guda ga taga na duba da gilashin ƙara girma, sai ga haske yana ratsa kowane ganye yana fita ta baya.

Ta cikin tanki ita ce wadda masu kiwon kifin ado ke kira gansakukar Java, Taxiphyllum barbieri, 'yar asalin kudu maso gabashin Asiya. An daɗe ana kiranta da sunan Vesicularia dubyana bisa kuskure, har yanzu ma ana cin karo da wannan suna. Cikin tafin hannu aka ba ni, na raba biyu. Rabi na ɗaure da zaren auduga a jikin wata saiwar itace wadda na tafasa na kuma jiƙa mako biyu har ta daina yawo a saman ruwa, na saka ta a tanki na cika. Ɗaya rabin na yayyanka da almakashi, kowane gutsure kamar santimita ɗaya, na barbaza a kan wani dutse mai kaushi a cikin roba, na fesa ruwa, na rufe da leda, na ajiye kusa da taga inda akwai haske amma rana ba ta bugawa. Kullum zan buɗe ledar minti biyar iska ta shiga. So nake in ga wace hanya ta fi.

9 ga Yuni

Ranar fili. Na tsige ciyawa da hannu har saiwa, na tsince tsakuwa, na daddaɓe ƙasar har ta yi tauri, sannan na ɗan karce samanta da tsinke. Wanda ya saba shuka zai ga abin a juye, domin shi sassauta ƙasa ya sani. Gansakuka ba ta shiga cikin ƙasa, a kanta take zama, don haka abin da ba ya motsi take so.

Iri biyu na samo daga jikin wata tsohuwar katanga, bayan na nemi izinin mai ita. Ban ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin goma na kowane faci ba, don abin da ya rage ya mayar da gurbin. Ta farko gajeruwa ce, a tsaye take, a cunkushe kamar ƙaramin matashi, kanta yana walƙiya kamar azurfa. Wannan ita ce Bryum argenteum, wadda ake samu a tsagin siminti da gefen hanya a kowace nahiya, har da Antaktika. Farin da ke kanta ƙwayoyin saman ganye ne da ba su da koren sinadari, suna yi wa na ƙasa laima. Ta biyu mai rarrafe ce, mai rassa kamar gashin tsuntsu, tana shimfiɗa kamar darduma. Mai rarrafe na sa can ciki inda inuwa ta fi, mai azurfa a gaba. Na jiƙa ƙasa, na ɗora faci-faci da tazarar tafin hannu, na taka kowanne da ƙafa a hankali har ya manne.

An ba ni shawarar markaɗa gansakuka da madara mai tsami a shafa a jikin bulo. Na gwada a jan bulo ɗaya. Wani bulon na ajiye kusa da shi haka nan, ban shafa masa komai ba.

18 ga Yuni

Bulon madara ya yi funfuna fari fat, yana wari, tururuwa sun yi masa layi. Na wanke shi tas na mayar. Ba zan sake ba.

A tanki wata ƙura mai ruwan ƙasa ta kwanta a gilashi da kan ganye. Sabon tanki ya gaji haka, takan tafi da kanta. Gansakukar da ke jikin itace ta yi duhu, amma a ƙarshen rassan akwai sababbin kawuna masu haske.

6 ga Yuli

Na yi ɓarna, kuma na san inda ta fito. Ganin girman ba ya sauri, sai na riƙa barin fitila awa 10 a rana, ga kuma ranar yamma da ke shigowa ta taga tana faɗawa a kusurwar tankin. Yanzu wani santsi mai dogayen zaruruwa kamar gashi ya sarƙe cikin gansakukar, ya shiga tsakanin ganye da ganye.

Dalilin a fili yake. Gansakuka da santsi daga ruwa ɗaya suke ci, da haske ɗaya suke rayuwa. Ita gansakuka cinta kaɗan ne, tafiyarta a hankali, ba ta iya amfani da haske mai yawa idan babu iskar kabon da za ta haɗa da shi. Duk rarar da ta bari, santsi ne ke kwashewa. Hasken da na ƙara don ita, shi ya ci moriyarsa.

Akwai magungunan kashe santsi, amma na ƙi taɓa su. Ganyen da kaurinsa ƙwaya ɗaya ne ba shi da kariyar da zai tare magani da ita, abin da ya ƙona santsi zai iya ƙona shi, kada garin neman gira a rasa ido. Tsohon burushin haƙori na ɗauka, na riƙa cusa shi ina murzawa kamar mai naɗe zare, gashin yana nannaɗewa a jikinsa. Na shafe kusan awa guda a tsugunne. Daga nan na zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, na zuba sabo wanda ya kwana a bokiti don kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita, na lulluɓe tankin da bargo na kwana uku ba haske ko kaɗan, famfon iska yana aiki. Gansakuka ta saba da duhu, kwana uku ba ya yi mata komai. Bayan haka fitila ta koma awa 6, na sa mata na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta, don kada hannuna ya sake kaiwa. Taga kuma na sauke mata labule.

21 ga Yuli

Mako bakwai ke nan da rufe dutse a cikin roba. Yau na ɗaga shi, na juya shi ƙasa, na girgiza, ko gutsure ɗaya bai faɗo ba. Kowane yanki da na barbaza ya fitar da sabon kai, wasu biyu wasu uku, ya kuma kama dutsen da zaruruwansa gam. Na saka shi a tanki.

Da na jera su sai bambancin ya fito. Ta dutse a kwance take, siririya, ko'ina daidai, tana bin lanƙwasar dutsen. Ta itace kuwa a dunƙule na ɗaure ta tun farko, don ina ganin yawa shi ne kyau. Sama kore ne, amma da na sa yatsa na ɗaga sai na tarar ƙasan ya yi ruwan ƙasa, ya ruɓe, datti ya taru a ciki, zaren audugar ma ya fara narkewa tun kafin ta kama itacen. Na kwance duka, na zaɓi masu rai, na shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya yadda ana hango itacen ta tsakaninsu, na sake ɗaurewa. Idan ana hango itace, haske da ruwa za su kai ga kowane reshe, kowane reshe kuma zai taɓa abin da zai kama.

4 ga Agusta

Wannan ta ɗaure mini kai kwana da kwanaki. Damina ta zauna sosai, faci-facin fili sun fara miƙa hannu ga juna, amma akwai wani layi a miƙe, faɗinsa kamar yatsu huɗu, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, inda gansakukar ta yi ja ta mutu. Dama da hagun layin kore shar. Na zargi gara, na tona ban ga komai ba. Na zargi kyanwa. Na zargi ƙarfin ɗigar ruwa.

Jiya da ana ruwa na tsaya a wurin na ɗaga kai. Layin yana daidai da bakin wani ɗan rufin kwano da ya leƙo ta saman katanga, ruwan da ya wanke kwanon a nan yake ɗiga. Kwanon rufi ƙarfe ne da aka shafe da tutiya don kada ya yi tsatsa, ruwan sama kuma yana ɗebe kaɗan-kaɗan daga cikinta. Tutiya da jan ƙarfe dafi ne ga gansakuka. A ƙasashen da take damun mutane a kan rufi, siraran faifan tutiya ko na jan ƙarfe ake kafawa a ƙololuwar rufin, ruwa ya riƙa wanko su yana hana ta tsirowa. Ashe abin da wasu ke yi da gangan, shi rufin ke yi mini duk lokacin da aka yi ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na tara ruwan wannan rufin a jarka biyu da niyyar zubawa a tanki, ina murna na samu ruwa marar gishirin ƙasa. Allah ya taimake ni ban kai ga zubawa ba. Na zubar da su, na kai bahon roba tsakiyar fili inda ruwa ke faɗowa kai tsaye daga sama, shi nake tarawa yanzu. Ƙarƙashin bakin kwanon kuma na kwashe matacciyar tare da ƙasar saman, na jera tsakuwa a layin, na yi mata ɗan gangare ruwan ya bi ya fita.

25 ga Agusta

Tanki ya kusa wata uku, na auna ruwa: amoniya babu, naitirait babu, wato guba biyun da datti ke haifarwa a ruwa. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin soso sun kafu, suna juya dattin zuwa wani sinadari dabam, naitiret, wanda bai kai su dafi ba, gansakuka kuma tana shan nata rabon. Yau na saki jatan lande goma, ƙananan jajaye, Neocaridina davidi, waɗanda asalinsu daga Taiwan ne. Sai da na ɗauki awa biyu ina ɗiga musu ruwan tankin a cikin kwanon roba kafin na sake su, domin ba sa jure canjin ruwa na farat ɗaya. Su ma jan ƙarfe yana kashe su, don haka duk maganin kifin da ke da shi ba zai kusanci tankin nan ba.

Suna sauka suka nufi dutse. Ɗan ƙanwata, mai shekara bakwai, ya manna goshi a gilashi ya daɗe shiru, can ya ce, "Kawu, cinye ciyawar taka suke yi." Na ba shi gilashin ƙara girma na ce ya kalli hannuwansu. Ƙananan hannuwan gaba suna kai da komowa tsakanin ganye da baki ba tsayawa, suna tsince ƙura da santsi da ƙananan halittun da ke manne, ganyen kuwa yana nan yadda yake, sai ma ƙarin haske da ya yi a inda suka wuce. Ya ce, "Au, wanke ta suke yi." Aikin da na yi da burushi a tsugunne, yanzu su ke yin sa dare da rana.

15 ga Satumba

Da safe na tarar mai azurfa ta fitar da wasu siraran sanduna jajaye, tsayinsu kamar santimita ɗaya, kowanne da ɗan ƙoƙo a kansa ya sunkuya ƙasa. Na ƙirga sama da arba'in a faci ɗaya. A cikin ƙoƙon ne irinta yake, mai laushi kamar ƙura. Kafin a kai ga haka sai da ruwa ya yi aiki: ƙwayar namiji iyo take yi a cikin ɗan danshin da ke kwance a kan tsiron har ta isa ga ta mace, shi ya sa gansakuka ba ta haihuwa sai a jiƙe. Idan ƙoƙon ya nuna murfinsa zai faɗi, a bakinsa kuma akwai ƙananan haƙora masu motsi da danshin iska, su ke sakin irin kaɗan-kaɗan.

Sai kuma bulo. Wanda ban shafa wa komai ba ya yi wani kore-kore siriri a gefen da ke kallon katanga. Ina gani na ce santsi ne, har na ɗauko burushi. Allah ya sa na fara dubawa da gilashi. Zaruruwa ne masu rassa a kwance a jikin bulon, kuma nan da can akwai ɗan ƙullutu da ganye uku ko huɗu suna leƙowa. Haka gansakuka take farawa daga iri: zare take fara yi mai kama da santsi sak, sannan ƙananan tsirrai su taso daga jikinsa. Na daina mamakin waɗanda suka ba su suna ɗaya. Na mayar da burushin, na jawo ɗaya bulon kusa da shi.

Wannan bulo ya tuna mini da lambun Saiho-ji a birnin Kiyoto na Japan, wanda ya fi kowane lambun gansakuka suna, mai ire-ire kusan 120. Muso Soseki, wani malamin addinin Buda, shi ne ya tsara shi a 1339, amma ba da gansakuka ya tsara shi ba. Daga baya ne, bayan ambaliya da dogon lokacin da aka rasa halin kula da wurin, ta shigo da kanta ta rufe ƙasa. Inuwa da danshi ta tarar, ba wanda ya kore ta, ta zauna. A filina ma wurin da ya fi ba ni sha'awa yau shi ne wanda ban dasa ba.

13 ga Oktoba

Askin farko a tanki. Na kashe famfo, na rage ta dutse zuwa kaurin yatsa biyu, na zuƙe gutsattsarin da tiyo nan take, don duk wanda ya tsere zai kama wani wuri ya tsiro. A cikin bokiti na ga 'ya'yan jatan lande uku, kowanne bai kai milimita uku ba, na mayar da su da cokali. Daga yau ba na zubar da ruwan bokiti sai na duba shi da tocila.

17 ga Nuwamba

Ruwa ya ɗauke, iska ta bushe. Fili ya koma toka-toka, ganye sun naɗe, idan ka taɓa sai ka ji ƙayau. Hankalina bai kwanta ba, na shiga yayyafa mata ruwa duk lokacin da na wuce, har da tsakar rana. Cikin kwana goma gefunan mai rarrafe suka yi baƙi.

Laifin yayyafin ne. Gansakuka idan ta bushe ba mutuwa ta yi ba, tsayar da komai take yi ta jira. Da ruwa ya taɓa ta sai ta farka, abu na farko kuma da take yi shi ne gyaran ƙwayoyinta, wanda ke cin abincin da ta tara. Sai ta daɗe a jiƙe cikin haske kafin ta mayar da abin da ta kashe. Ni kuwa ina tashinta, minti ashirin zafi ya sake busar da ita, ta kashe ba ta samu ba, sau huɗu ko biyar a rana. Gara a bar ta a bushe da wannan.

Don in natsu, na ɓantaro ɗan busasshen faci na mai azurfa na ɗora a faranti, na ɗiga ruwa uku. Ina kallo ya kumbura, launin tokar ya juye kore, ban kai ga ƙirga sittin ba. A 2014 masu bincike na Birtaniya sun ba da rahoton cewa sun tono gansakuka daga daskararriyar ƙasa a tsibirin Signy kusa da Antaktika, wadda ta haura shekara 1,500 a daskare, suka ɗumama ta, ta fitar da sababbin rassa. Tsiron da danginsa suka yi wannan, watanni kaɗan na rani ba su isa su sa ni rawar jiki ba.

Sabuwar ƙa'ida: mai azurfa ba ruwa sam. Mai rarrafe sau biyu a mako, da asuba, jiƙo sharkaf da ruwan saman da na tara, yadda za ta kai hantsi da danshinta.

12 ga Janairu, 2025

Busassun ganye da ƙura ne aikin yanzu. Ganye ɗaya idan ya kwana biyu a kan faci mai danshi sai ya bar tabo, don haka na shimfiɗa raga mai laushi a sama, duk mako in ɗage in kakkaɓe. Ragar ta kuma hana tsuntsaye, waɗanda suka juye mini faci biyu suna neman ƙwari.

23 ga Maris

Zafi ya shigo ɗaki. Ma'auni ya nuna digiri 31 a tanki. Gansakukar Java ta fi sakewa tsakanin 21 da 25, ko da yake tana jure abin da ya ɗara haka. Sababbin rassa sun fito sirara, ganyensu a warwatse, launi ya koɗe. Na cire murfi, na saita ƙaramar fanka tana busa saman ruwa, ya sauko zuwa 28. Ruwa yana raguwa da sauri, kuma ruwan ne kaɗai ke tashi, gishirin da ke cikinsa yana nan yana taruwa, don haka da ruwan sama nake cikawa. Na rage fitila zuwa awa 5, na daina aski har zafi ya wuce. Jatan lande sun haura talatin.

18 ga Mayu

An yi ruwan farko cikin dare. Da gari ya waye na fita ba takalmi. Mai azurfa ta tashi gaba ɗayanta, kore mai walƙiya, ta ma haɗe tazarar da na bari tsakanin faci-faci, ita da ba ta ga ɗigon ruwa daga hannuna ba tun Nuwamba. Mai rarrafe kashi biyu cikin uku ta dawo. Gefunan da suka yi baƙi ba su farfaɗo ba, na kankare su, na murtsuke busasshiyar mai azurfa a tafin hannu na barbaza a gurbin na danna. Bulon da ban shafa wa komai ba ya rufu ta fuska biyu, na madarar ma ya fara kore-kore ta gefen da ke kallonsa.

A tanki ruwa ya koma digiri 26, kawunan rassa sun soma kauri. Gutsattsarin askin da zan yi mako mai zuwa na tanadar musu dutse biyu da roba da leda.